Ranar da Aka Ce Yana Ofis

Talata, 3 ga Yuni, da yamma

An ba Irmiya beli yau, irin belin da ba a fita da shi. Alƙali ya ce a kawo mutum biyu masu gida a GRA, kowa da takardar gidansa a hannu. Barista Habila, lauyanmu, ya waiwayo ya dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Wa muka sani a GRA? Mu da muke Yelwa tun aurenmu, a gidan da har yau ba mu gama filastar bayansa ba.

Su biyu ake tuhuma a kan kuɗin gina ƙananan asibitocin karkara, mijina da tsohon kwamishinansu, Onarabul Sabitu. Onarabul a motarsa ya zo, a motarsa ya koma, magoya baya na bin sa da kirari. Irmiya kuwa motar gidan yari ce take kawo shi tana mayarwa tun bayan Ista. Mataimakin darakta ne kawai. Ya daɗe a kujerar nan har yaran da ya koya wa aiki suka zo suka hau kansa, bai taɓa kawo ƙorafi gida ba. In na ta da maganar sai ya ce, "Liatu, kin san inda muke."

Yana ɗingisa ƙafar hagu. Na tambaye shi da ido, ya girgiza kai.

Alhamis, 5 ga Yuni, da safe

Ruwa tun asuba. Na aika wa hedimasta cewa ba ni da lafiya. Yaran aji huɗu za su wuni babu malama.

Asabar, 7 ga Yuni, da rana

Na kai masa faten acca. A ƙofa sai da na ci cokali biyu a gaban ganduroba, kamar kullum, don su tabbata ban zo kashe mijina ba.

Ƙafar ce. Ƙusa ta soke shi a banɗaki, kuma mai ciwon suga ne. Ya ɗaure wurin da tsummar singileti.

"Baban Dorcas, wannan ba ƙaramin ciwo ba ne," na ce.

"Zai bushe. Kin biya kuɗin wuta?"

Haka yake yi. Ka kawo masa maganar ransa, ya mayar da kai kan kuɗin wuta.

Litinin, 9 ga Yuni, da yamma

Ban san ta inda zan fara ba.

Lauyan gwamnati ya fito da takarda. Ya ce ita ce umarnin fitar da kuɗin, kuma Irmiya ne ya sa mata hannu a ofishinsa ba da sanin kwamishina ba. Aka miƙa wa Irmiya. Ya daɗe yana kallon ta, sannan ya ce sa hannun ya yi kama da nasa, hatimin ma na ofishinsu ne, amma bai taɓa ganin takardar ba. Aka yi dariya daga bayan kotu.

Sai magatakarda ya karanta kwanan watan da ke jikinta. Sha huɗu ga Maris, shekara biyu da suka wuce.

Irmiya ya kama ƙarfen akwatin da yake tsaye a ciki da hannu biyu.

Ranar ce muka binne Dorcas, ɗiyarmu ta fari, a ƙauyenmu bayan Bogoro. Motar da ta ɗauko ta daga makaranta ce ta kife a hanyar Jos. Tun daga lokacin ban ƙara rubuta wannan kwanan watan ba, ko a allon aji na kan tsallake shi. Wanda ya ƙirƙiri takardar nan bai ma damu ya duba ko mutumin yana gari ba. Ya ɗauki rana kawai ya rubuta.

Barista ya fito yana murna. "Mama, sun kashe kansu da kansu. Gari guda ya gan shi a bakin kabari."

Na ce masa to.

Talata, 10 ga Yuni, da yamma

Na dafa, ban ci ba.

Juma'a, 13 ga Yuni, da rana

A keke Napep na ji. Direban ya kunna rediyo, shirin siyasa, wani yana ta ɗaga murya wai kuɗin asibitocin talakawa an kwashe an yi wa coci rufi da su. Bai faɗi sunan Irmiya ba, ya dai ce "wani ɗan kudancin jiha da aka yarda da shi." Matar da ke kusa da ni ta yi tsaki ta ce, "Haka suke." Na gyara ɗankwalina, na sauka tun kafin kasuwar Wunti, na ƙarasa a ƙasa.

Rufin cocinmu zumuntar mata ce ta yi shi, da ƙuli-ƙuli da kunun zaƙi. Har yanzu ɓangaren mawaƙa yana yoyo.

Lahadi, 15 ga Yuni, bayan sujada

Fasto ya kira ni ofishinsa. Shi ya yi wa Dorcas jana'iza, shi Barista yake so ya fara ba da shaida. Ya rufe ƙofa, ya yi doguwar addu'a, sannan ya ce dattawa sun zauna.

"Maman Dorcas, kin ji abin da ake faɗa a gari. Jiya da yamma wasu samari sun tsaya a kan babura suna nuna ginin nan. In na shiga kotu da wuyan rigar nan, gobe za a ce coci ta fito kare ɓarawonta. Ina da mutane da yawa a wuyana."

"Baba, kai ka zuba ƙasar farko."

"Na sani."

"Irmiya yana tsaye a gefenka."

"Na sani, 'yata."

Idonsa ya kawo ruwa. Ban ji haushinsa ba a lokacin, sai da na iso gida. Ya kuma roƙe ni in ɗan dakata da zama a gaba tare da mawaƙa har abin ya lafa.

Laraba, 18 ga Yuni, da yamma

Onarabul Sabitu ya koma jam'iyya mai mulki shekaranjiya, an yi taro da kiɗa. Yau lauyan gwamnati ya ce sun janye tuhumar da suke yi masa, ya zama shaidarsu. Onarabul ya tsaya da babbar riga fara, ya ce ya riƙe Irmiya kamar ƙaninsa, bai taɓa duba addininsa ba, ga abin da ya saka masa da shi. Har ya ciro hankici.

Wannan mutumin ya ci tuwo a gidan nan ranar Kirsimeti, lokacin da yake neman ƙuri'a.

Litinin, 23 ga Yuni, da yamma

Mutanen ƙauye sun zo, mota guda. Kawun Irmiya, da mai unguwa, da tsohuwar da ta wanke gawar Dorcas. Sun sa kayansu na zuwa coci. Kowa ya faɗi abin da ya gani, wasu sai da tafinta. Lauyan gwamnati tambaya biyu kawai yake yi wa kowa: "Me kake da shi? Coci ɗaya kuke zuwa?" In an amsa sai ya juya wajen alƙali ya buɗe hannu, ya zauna.

Da tsohuwar ta fara bayanin kayan da aka sa wa yarinyar, na fita waje.

Barista ya daina murna. Ya ce takardar neman izinin tafiya da Irmiya ya rubuta a wancan makon ta ɓace daga fayil ɗinsa. Ya ce muna bukatar mutum ɗaya wanda ba dangi ba, ba ɗan coci ba.

Mutum ɗaya ne. Malam Hammawa, abokin aikinsa, wanda ya tuƙa mu a motarsa har ƙauye ya kwana tare da mu.

Talata, 24 ga Yuni, da safe

Ba zan iya zuwa ba. Yana da 'ya'ya shida, kuma saura kaɗan ya yi ritaya.

Laraba, 25 ga Yuni, da yamma

Na je.

Gidansu yana Fadaman Mada, bayan masu walda. Matarsa Yagana ta shimfiɗa min tabarma a rumfa, ta kawo ruwa da dabino. Muna gaisawa ya dawo daga sallar la'asar. Na shirya maganata tun a hanya, amma da na gan shi sai ta watse.

"Maman Dorcas, na san abin da ya kawo ki," in ji shi. "Ni ya kamata in zo, kunya ce ta hana ni. An kira ni an ce in tuna fanshona."

"Malam, in ba zai yiwu ba, ba zan riƙe ka a rai ba."

"Na kai maganar wurin malaminmu. Ya ce wanda ya ga abu da idonsa ya ɓoye shaida, zuciyarsa ce ta yi zunubi. Na so ya ba ni wata amsar, bai ba ni ba." Ya yi ɗan murmushi. "Ni na riƙe Irmiya da ya nemi faɗawa ramin. Yaya zan ce ban gani ba?"

Na dubi Yagana. Tana tsince shinkafa a faranti, ba ta ɗago ba. Can ta ce, "Ya je. Abin da Allah ya rubuta mana shi za mu ci."

Ta rako ni har bakin titi, ta tsayar min da keke.

Asabar, 28 ga Yuni, da rana

Ƙafar ta kumbura har idon sawu, tana wari. Mai ba da magani na ciki ya ba shi farasitamol. Na gaya masa Hammawa zai zo. Ya rufe fuska da hannu, ya daɗe a haka.

Laraba, 2 ga Yuli, da yamma

Malam Hammawa ya zo da farar shadda da hularsa zanna. Ya yi alwala, ya riƙe Alƙur'ani, ya rantse. Ya faɗi lokacin da muka bar Bauchi, da inda taya ta fashe mana kusa da Dass, da waƙar da aka yi a bakin kabari, wadda ya ce bai san kalmominta ba amma har yau yana jin ta.

Lauyan gwamnati ya taso. "Malam, kai Musulmi ne?"

"Alhamdu lillahi."

"Me ya kai ka binne Kirista?"

"'Yar abokina ce. A hannuna ta koyi hawa keke."

"Nawa aka ba ka?"

"Ranka ya daɗe, Alƙur'ani na riƙe ɗazu."

Alƙali ya yi ta rubutu. Ya umarci a kawo asalin takardar, ba kwafi ba, a kai wa masu binciken sa hannu.

A waje wani ya tofa yawu kusa da takalmin Malam ya kira shi ɗan koren arna. Bai ko waiwaya ba.

Na ci abinci yau. Na share tsakar gida, na wanke labule, na fito da zanen gadon Irmiya na shanya.

Juma'a, 4 ga Yuli, da safe

An dakatar da Malam Hammawa daga aiki. Yagana ce ta bugo min, ta ce kada in ji a wani wuri in damu.

Talata, 8 ga Yuli, da rana

Mun je kotu, babu alƙali. Magatakarda ya ce an yi masa canjin wurin aiki. Sabon alƙali zai karɓa, kuma a doka sai an faro shari'ar daga farko. Duk abin da aka faɗa, kamar ba a faɗa ba. Ƙarshen watan nan kotuna za su tafi dogon hutu, sai bayan damina.

Na tambayi Barista, "Asalin takardar fa?"

Ya ce wanda ya ba da umarnin ya tafi, umarnin ya bi shi.

Na mayar da zanen gadon cikin akwati.

Alhamis, 10 ga Yuli, da safe

Ruwa.

Asabar, 12 ga Yuli, da yamma

Ɗauko shi aka yi, fursunoni biyu suna riƙe da shi. Yatsu biyu sun yi baƙi. Jikinsa zafi kamar garwashi. Na roƙi babban jami'in a kai shi asibiti, ya ce sai da takardar kotu, kuma kotunmu ba ta zauna ba. Ya faɗa da ladabi, har ya ba ni kujera.

Na karanta Zabura da na dawo, ban san wacce ba. Idona kawai ke bin layin.

Talata, 15 ga Yuli, da yamma

Barista ya zo gida da kansa. Bai karɓi ruwa ba.

Lauyan gwamnati ya kawo tayi. Za su rage tuhumar zuwa sakaci da aiki, a lissafa zaman da ya yi a matsayin hukunci, a kore shi babu fansho, ya fito a ranar. Sharaɗi ɗaya ne. Ya tsaya a gaban sabon alƙali ya ce shi ya sa hannu, a ofis, a ranar da takardar ta ce.

"Malam Hammawa fa?" na ce.

Barista ya dubi silin. "In mijinki ya ce yana ofis, to wanda ya rantse cewa yana ƙauye ya yi shaidar zur ke nan. Mai yiwuwa su ƙyale shi."

"Mai yiwuwa."

"Mama, ni lauyan mijinki ne. Na ga ƙafar."

Laraba, 16 ga Yuli, da rana

Irmiya ya ƙi. Ya ce ko a yanke ƙafar daga cinya.

"Ba ƙafar ba ce kawai, Baban Dorcas. Nas ɗin cocinmu ta ce in ya shiga jini shi ke nan."

"In ce ban binne 'yata ba? In mayar da Hammawa maƙaryaci a gaban garin nan?"

"Ni ce zan sake tsayawa a bakin rami."

Ya sunkuyar da kai.

Na faɗi wasu maganganu bayan wannan. Ba zan rubuta su ba. Na san inda yake da rauni, shekaru na yi ina kauce wa wurin, yau na taka shi da gangan. Da ganduroba ya ce lokaci ya yi, bai ɗago ya dube ni ba. Ya ce, "Ki gaya wa Barista na amsa."

Alhamis, 17 ga Yuli, da safe

Na ɗauki waya in kira Yagana. Na ajiye.

Asabar, 19 ga Yuli, da yamma

Na shirya har na kai bakin titi. Keke ya tsaya, ya ce ina zuwa, na ce a'a.

In na gaya wa Malam Hammawa, zai ce Irmiya ya amsa tayin, na san shi. Ko kuma ba zai ce ba. Ban san wanne na fi tsoro ba.

Talata, 22 ga Yuli, da yamma

An gama.

A kujera aka shigo da shi. Sabon alƙalin matashi ne, yana ta duba agogo. Aka karanta tuhumar. Aka ce, "Ranar sha huɗu ga Maris, kana ofishinka?"

Ya ce, "E."

"Ɗaga murya."

"Ina ofis."

Ban san Malam Hammawa zai zo ba. Ba wanda ya kira shi, ya ji dai za a zauna ne ya zo don ya tsaya wa abokinsa. Yana benci na biyu, a bayana. Ban waiwaya ba, amma na ji lokacin da ya daina jan carbi.

A waje, muna ƙoƙarin sa Irmiya a keke, sai ga shi. Ya dubi ƙafar, ya ce, "Wannan ba ta keke ba ce." Ya juyo da motarsa, ya kama shi ta hammata, ni ta ƙafafu. Irmiya ya juya fuska wajen taga. Da ma'aikata suka karɓe shi, Malam ya ce min, "Allah ya ba shi lafiya," ya tafi.

A rediyon mai shayin bakin asibiti ana cewa gaskiya ta yi halinta, Onarabul ya fita da hannu mai tsabta.

Alhamis, 24 ga Yuli, da safe

Sun yanke yatsu biyu. Likita ya ce da an ƙara mako guda, da ba wannan maganar ake yi ba.

Fasto ya zo da dattawa, suka yi addu'ar godiya. Irmiya ya yi kamar yana barci.

Juma'a, 25 ga Yuli, da yamma

Ba ya magana. Yana cin abin da na ba shi, yana shan magani, yana cewa na gode, kamar ni ma nas ce.

Litinin, 28 ga Yuli, da rana

'Yan sanda sun tafi da Malam Hammawa yau da safe, a kan shaidar zur. Barista ne ya gaya min a barandar asibiti. Ban gaya wa Irmiya ba tukuna.

Talata, 29 ga Yuli, da yamma

Na je Fadaman Mada. Masu walda suka daina aiki suna kallo na har na shige.

Na yi sallama sau biyu kafin a amsa. Yagana tana tsakar gida tana zuba tuwo a kula, na wanda za a kai masa. Ta dube ni. Na yi zaton za ta ce in fita, kuma da ta faɗa da na ji sauƙi. Sai ta ajiye mara, ta ɗauko tabarma ta shimfiɗa, ta kawo ruwa a kofin silba ta ajiye a gabana.

Muka gaisa. Gida, yara, ruwan sama.

Na buɗe baki in ce ni ce, ba Irmiya ba, ni na matsa masa. Ta riga ni.

"Yaya ƙafar?"

"An cire yatsu biyu. Sauran ta tsira."

"Alhamdu lillahi," in ji ta. Na duba fuskarta da kyau ina neman wani abu, ban samu ba. Da gaske take.

Ta rufe kular, ta ɗaura ta a ɗankwali. Sai ta tsaya tana juya ƙullin a hannu.

"Maman Dorcas, ban taɓa zuwa irin wurin nan ba. Me ake yi a ƙofa?"

Na ce ta tafi da cokali, za su sa ta ɗanɗana. Kada ta sa ɗan kunne. Ta riƙe canji a hannu, kada ta buɗe jaka a gabansu. In ya ce mata lafiyarsa ƙalau, ta duba ƙafafunsa.

Ta gyaɗa kai tana maimaitawa a hankali, ta koma ɗaki ɗauko cokalin.